Shiga Jami'a Da Zama Cikinta: Halin 'Ya'yan Ƙasar Kuryar Madaro A Shekarar Farko

Kowace shekara, idan jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya suka gama ɗaukar sababbin ɗalibai, a kan sa rana a tara su, a sanya musu riguna da huluna na aro, a rantsar da su, sa'an nan shugaban jami'a ya tashi ya faɗi adadin waɗanda aka ɗauka. Jaridu su buga, gidajen rediyo su faɗa, iyaye su yi murna. Haka nan kuma ran yaye ɗalibai a kan faɗi yawan waɗanda suka fita da digiri mai daraja ta ɗaya da ta biyu. Amma akwai wani lissafi tsakanin waɗannan biyu wanda ba a saba karanta shi a bainar jama'a ba, watau cikin waɗanda aka rantsar bara, nawa ne suka haye aji biyu bana, nawa aka ɗora wa gargaɗi, nawa kuma suka tattara kayansu suka koma gida ba sallama. Wannan lissafi shi ya fi shafar mutanen Kuryar Madaro da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin uban da ya kai sansa kasuwa don ya biya wa ɗansa kuɗin rajista ba shi da wani sa na biyu da zai sayar in an ce yaron ya sake daga farko.

Ƙofa ta buɗe

Sai a fara da abin da ya kamata a yaba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu, amma makarantar gaba da sakandare ba ta iso garin ba sai 1983, sa'ad da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Kafin wannan, wanda Allah ya ba rabon karatu mai zurfi sai ya nufi Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962, ko Sakkwato, inda aka kafa jami'a a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Bayan an yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, sai da aka shekara 17 kana aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, ta Jiha kuma a Talatar Mafara a 2018. Yau ɗan Ƙauran Namoda yana da jami'a wadda ba ta kai nisan mil 40 daga ƙofar gidansu ba.

Ban da kusanci, akwai kuma ƙa'idar rabon gurabe a jami'o'in tarayya. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari baya wajen ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. Wannan ƙa'ida ta adalci ce, gama ba a haɗa tsere tsakanin wanda ya tashi da asuba da wanda aka tsare shi har hantsi. Sai dai ƙa'idar a bakin ƙofa ta ke tsayawa. Da yaro ya shiga aji, malami ɗaya ne, littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya, ba a tambayar kowa daga wace makaranta ya fito.

Da wane guzuri ya zo?

In za a auna taimakon da a ke yi wa sabon ɗalibi, tilas a fara sanin abin da ya zo da shi a cikin jakarsa. Yaran da suka ƙwanƙwasa ƙofar jami'a a 2025 da 2026 su ne waɗanda ke ƙaramar sakandare a 2020 da 2021. A 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. Ran 1 ga Satumba na wannan shekara aka kwashe yara 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, Gwamnatin Jiha ta rufe makarantu, aka tsai da kasuwannin mako, aka kuma katse hanyoyin waya makonni da yawa. Ba a soma buɗe makarantun da yawa ba sai cikin Janairu 2022, waɗansu ma na cikin ƙauyuka ba a buɗe su a lokacin ba. A 2022 kuma hukumar WAEC ta ba da sanarwa cewa Zamfara ba ta gabatar da ɗaliban makarantun Gwamnati ga jarrabawar fita sakandare ba. Bashin da hukumomin jarrabawa ke bin Jihar ya sa aka riƙe sakamakon yara shekaru, sai bayan hawan Gwamna Dauda Lawal a 2023 aka biya aka karɓo, shi kuma ya sa dokar ta-ɓaci kan ilmi a cikin Nuwamba na wannan shekara.

To, yaron da ya ratso duk wannan har ya ci darussa biyar, Turanci da Lissafi na ciki, ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawar JAMB, ba rago ba ne, ba kuma daƙiƙi ba. Amma cikin karatunsa akwai ramuka. Akwai babin Lissafi da ya kamata a yi a zangon da makaranta ke rufe, ba a koma kansa ba. Akwai gwajin Kimiyyar sinadarai da ya haddace a allo bai taɓa ganin kwalbar ba. Turancin da ya sani na takarda ne, gama a gida da kasuwa da masallaci, har cikin aji sau da yawa, Hausa a ke yi. Matsalar kuwa ba ta tsaya ga Zamfara ba. A jarrabawar JAMB ta 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1 da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba, aka kuma yanke 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Ashe ke nan jami'a ta san da wa ta ke yi tun kafin ya zo.

Abin da aka tanada

Abu na farko da sabon ɗalibi ya kan tarar shi ne makon wayar da kai. A kan tara su a babban zaure, magatakarda ya karanta dokoki, mai kula da laburare ya yi bayani, likita ya yi gargaɗi, shugaban masu gadi ya ja kunne kan ƙungiyoyin asiri da satar jarrabawa. Wannan abu ne mai kyau, amma yana da aibi biyu. Na ɗaya, a kan zuba wa yaro bayanin shekara huɗu cikin kwana biyu ko uku, da Turanci, ta bakin lasifika, alhali ko hanyar ɗakin laccarsa bai gama ganewa ba. Na biyu, sunayen waɗanda aka ɗauka kashi-kashi su ke fitowa, ɗan ƙauye kuwa shi ne ya kan makara, domin kafin labari ya iske shi, a sayar da abin sayarwa, a sami ranar da hanya ta ke da lafiya, ya zo ya yi layi a shagon intanet don rajista, an riga an yi makonni ana lacca, taron wayar da kai kuma an daɗe da watsewa. Wanda ya fi kowa bukatar bayanin shi ne ya fi kowa rasa shi.

Na biyu shi ne darussan gama-gari da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa kowa. A cikin sabon tsarin karatu da ta ƙaddamar a Disamba 2022, ɗan aji ɗaya ya kan yi darasin Turanci da na sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. Darasin Turancin nan shi ne maganin da aka tanada domin ciwon harshe, amma sa'o'i kaɗan ne a mako, a zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, jarrabawarsa kuma a wurare da yawa ta zaɓi-ɗaya ce a kwamfuta. Rubutu kuwa ba a koyonsa sai mutum ya rubuta, wani ya karanta, ya ja masa jan biro, ya mayar masa ya sake. Malamin da ke da ɗalibi ɗari biyar, ko da ba ya barci, ba zai iya yi wa kowa haka ba.

Na uku shi ne malamin da a ke ɗora wa kula da aji, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Shi ya kamata ya zama uba ga baƙo, ya san wanda ya daina zuwa, ya san wanda ya faɗi gwajin farko. Amma a duba lissafi. Ran da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗalibai 426 da malamai 142. Ran da aka soma karatu a Sakkwato a Oktoba 1977 ɗalibai 93 ne, malamai 33. Watau a duka biyu malami ɗaya na da ɗalibi uku. Manyan mutanen da Arewa ke alfahari da su yau, da yawansu cikin irin wannan kulawa suka tashi. Ƙa'idar Hukumar Jami'o'i ta ce kada malami ɗaya ya wuce ɗalibi 30 a fannin fasaha da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniya da noma, 10 a likitanci, amma cunkoso a aji ɗaya ya ke taruwa, inda sassa da yawa ke haɗuwa a darasi guda. Sai aikin kodineta ya koma sa hannu a takardar rajista da tattara sakamako.

Na huɗu shi ne share fage, kuma a nan Arewa tana da tarihi abin tunawa. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da aka ga makarantun Arewa ba su fitar da isassun ɗalibai masu takardar shiga jami'a, sai aka buɗe makarantar share fage cikin jami'ar kanta a Samaru, aka riƙa ɗauko yara daga sakandare ana gyara su. A 1976 aka kafa jarrabawar IJMB, wadda mai cin ta ya kan shiga aji biyu kai tsaye. A farkon shekarun 2000 jami'ar ta buɗe wata makarantar share fage a Funtuwa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma tana da tata. Cikin dukan abubuwan da aka tanada wannan ne ya fi dacewa da ciwon, domin yana ba yaro lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da aka ƙwace masa. Aibinsa shi ne kuɗi, gama shekara ce guda ta biya da ci da masauki kafin a soma digiri. Bugu da ƙari, yaron da ya haye da maki 160 ya shiga aji ɗaya kai tsaye ba ya bi ta wannan hanya, ko da ramukan karatunsa sun yi daidai da na wanda ya sami 140 aka tura shi Funtuwa.

Na biyar shi ne masauki. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba bukatun jami'o'in Gwamnati ya tarar cewa gadajen kwana ba su wuce na ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Sauran sai su kama haya a unguwannin da ke kewaye. A wata jiha wannan magana ce ta tsadar ɗaki da kuɗin mota, amma a Zamfara magana ce ta rai. Da asubahin Juma'a 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka faɗa gidajen haya na Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da ɗalibai fiye da 20, galibinsu mata, waɗansu ba su kuɓuta ba sai cikin Afrilu 2024. Tun daga ran nan, duk uban da ke Zurmi ko Shinkafi da a ke roƙo ya bar 'yarsa ta tafi jami'a, tambayarsa ta fari ita ce, ina za ta kwana? In amsa ita ce haya a bayan gari, da yawa sai su ce ta zauna gida.

Na shida shi ne kuɗi da abinci. Dattawa sun tuna zamanin da ɗalibi ke shiga ɗakin cin abinci da tikiti, har ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2, ya ta da tarzomar 1978 wadda aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye wannan tallafi. Bayan janye tallafin man fetur a Mayu 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Sa'an nan a Afrilu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND ya buɗe ƙofarsa ran 24 ga Mayu 2024. Asusun ya kan biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya ba ɗalibi Naira 20,000 kowane wata, ba ruwa a kai, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wannan babban sauƙi ne, kuma ya kamata iyayen da ke ƙyamar rance saboda riba su san cewa wannan ba shi da ita. Amma Naira 20,000 in an raba ta kwana 30 ba ta kai Naira 700 a yini ba. Haka nan a shekarar farko an yi ta kuka a wurare da dama cewa kuɗin ya kan iso bayan ɗalibi ya riga ya ciwo bashi ya biya, sai ya zauna jiran makaranta ta mayar masa. Da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Yadda a ke faɗuwa

Mai karatu ya lura da yadda ƙa'idar maki ta ke aiki. Kowane darasi a kan raba makinsa biyu, 30 ko 40 na gwaje-gwajen cikin zango, sauran na babbar jarrabawa. Wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci ba, doka ta ce kada ya zauna jarrabawa. Darasin da aka faɗi sai a ɗauke shi zuwa baɗi, shi ne kariyoba, ya hau kan nauyin sabuwar shekara. A ƙarshen shekara a kan haɗa maki duka a fitar da matsakaici bisa 5. A jami'o'i da yawa wanda ya gaza 1, a waɗansu 1 da rabi, a kan ɗora masa gargaɗi na shekara guda, in bai gyara ba a sallame shi ko a sauya masa fanni. Dokar ba ta da laifi, laifin yana ga lokaci. Sakamakon zangon farko ya kan makara har a yi nisa cikin na biyu, saboda haka ran da jami'a ta sani a rubuce cewa wane yana nutsewa, ya riga ya sha ruwa sau biyu. Wannan shi ne ihu bayan hari. Alhali kuwa alamun suna nan tun mako na shida, ga wanda bai zo gwaji ba, ga wanda ya sami 3 cikin 20, ga wanda ba a ganinsa sai ran Litinin domin ya tafi gida neman abin da zai ci.

Darasi daga tsangaya

Abin mamaki, jami'a ta ari sunan tsangaya ta sa wa manyan sassanta, a kan ce Tsangayar Kimiyya, Tsangayar Shari'a, amma ba ta ari ɗabi'ar ba. A tsangaya ta asali, ran da aka kawo kolo, malam ya kan danƙa shi hannun gardi, shi zai nuna masa wurin kwana, ya rubuta masa allo, ya biya masa. Ba a kai yaro farfaru sai ya san babbaƙu, ba a kuma wanke allo sai malam ya saurara ya ji karatun ya zauna. Haka nan a makarantar zaure, ba a ɗora wa mutum Risala bai sauke Ahalari da Ishmawi ba, malam kuma ya kan fassara kalma kalma da harshen da almajiri ke ji. Tsangaya tana da nata cututtuka, bara da yunwa da rashin tsabta, ba mai musun wannan. Amma abu uku ta riƙe waɗanda aji ɗaya na jami'a ya sake: kowane baƙo yana da babba da ya san sunansa, ana gane kuskure ran da aka yi shi, kuma ba a gini sai an duba tushe.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

A Afirka ta Kudu, Majalisar Ilmi Mai Zurfi ta fitar da rahoto a 2013 ƙarƙashin Farfesa Njabulo Ndebele, ta bi ɗalibai tun daga shigarsu, ta tarar kimanin ɗaya cikin huɗu kaɗai ke gamawa cikin shekarun da aka ɗiba, fiye da rabi kuma ba su gamawa sam. Ta ba da shawarar a ƙara shekara guda cikin digiri domin gyaran tushe. Ba a karɓi shawarar ga kowa da kowa ba, amma jami'o'insu suna da irin wannan tsawaitaccen tsari ga masu bukata, kuma yana cikin digirin kansa, Gwamnati na ba da kuɗinsa. Abin lura shi ne sun ƙirga, sun kuma buga abin da suka gani ko da ya ke ba shi da daɗi.

A Amurka, Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne, ta soma a 2012 tana duba alamu kusan 800 cikin takardun kowane ɗalibi, da an ga alama sai mai ba da shawara ya neme shi cikin kwana biyu. Tun 2011 kuma ta ke biyan ɗan ƙaramin bashin da ya rage wa ɗalibi don kada a cire sunansa. Masu gamawa suka ƙaru, tazarar da ke tsakanin ɗan talaka da ɗan mai kuɗi ta rufe. Jami'ar Gusau ba ta da kuɗin Atlanta, amma asalin dabarar ba ta kwamfuta ba ce. Littafin suna da biro sun isa a gane wanda ya ɓace.

Mudun awo

Manomin Kurya ba ya auna damina da yawan irin da ya shuka, da dammunan da suka shiga rumbu ya ke aunawa. Haka ya kamata a auna shirin kula da 'yan aji ɗaya, da tambayoyi biyar.

Ta ɗaya, cikin kowane 100 da aka rantsar, nawa suka shiga aji biyu ba gargaɗi? A raba amsar bisa ƙaramar hukuma, da maza da mata, da hanyar shigowa, ko JAMB ko share fage, domin jimla ɗaya ta kan ɓoye ɗan Zurmi a bayan ɗan birni. Ta biyu, waɗanne darussa ne suka fi kā da mutane, kuma me aka yi musu? In darasi guda yana kā da rabin aji kowace shekara, a binciki darasin tare da ɗaliban. Ta uku, kwana nawa ke tsakanin gwaji da fitowar sakamako, kwana nawa kuma tsakanin faɗuwar yaro da ran da wani malami ya kira shi? Ta huɗu, 'yan aji ɗaya nawa suka sami gado cikin harabar jami'a, musamman mata? Ta biyar, waɗanda suka tafi, me ya kore su, maki ko kuɗi ko tsoro ko aure? Duk waɗannan amsoshi suna cikin ofishin magatakarda da na jarrabawa, ba su bukatar sabon gini ko ɗan kwangila.

In aka ɗora abin da aka tanada bisa wannan mudu, hukuncin da ya fito shi ne an yi ƙoƙari ƙwarai wajen shigarwa, an yi rabin ƙoƙari wajen kuɗi, amma wajen harshe da masauki da gane mai rauni da wuri, aikin yana baya.

Abin da ya rage a yi

Waɗansu za su ce jami'a ba firamare ba ce, in aka shiga lallashi darajar digiri za ta faɗi. Gaskiya ne kada a rage tsawon jarrabawa ko taƙi ɗaya, gama likita ko injiniyan da aka ɗaga wa ƙafa mutanen garinsu zai fara cutarwa. Amma wanda ya saukar da makin shiga saboda adalci, ya kuma karɓi kuɗin rajista, ya ɗauki alkawarin koyarwa. Waɗansu kuma za su ce ba kuɗi, ga malamai sun yi yajin aiki wata takwas a 2022 kan wannan magana. Ita ma gaskiya ce, amma da yawan gyaran ba shi da tsada.

Jami'a tana iya maimaita taron wayar da kai ga waɗanda suka makara, a yi wani sashe nasa da Hausa. Tana iya gwada kowane sabon ɗalibi a Turanci da Lissafi a makonsa na farko, ba don kora ba, don a san wanda za a ba darasin yamma. Tana iya zaɓen haziƙan aji uku da huɗu ta danƙa wa kowanensu baƙi goma, da ɗan alawus ko takardar yabo, watau gardawan jami'a. Tana iya fara ba 'yan aji ɗaya da mata gado kafin kowa, kuɗin asusun TETFund kuma a fifita ɗakunan kwana masu katanga da tsaro. Gwamnatin Jiha ta riƙa biyan tallafin karatu a farkon zango, ta kuma ɗauki nauyin share fage ga 'ya'yan garuruwan da aka rufe wa makarantu. Sarakuna da hakimai da ƙungiyoyin ɗalibai na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su ajiye littafi na 'ya'yansu da suka sami gurbi, a duba shi ƙarshen kowane zango. Iyaye kuma su riƙa tambayar takardar sakamako, ko da sai an karanta musu, kada su tsaya ga hoton riga da hula.

Ƙasar nan tana bukatar malaman makaranta da ungozoma da likitoci da malaman gona waɗanda za su yarda su zauna cikinta, baƙo kuwa yau ba ya son a tura shi can. Ɗan gida ne zai zauna, kowane ɗaya da ya faɗi a aji ɗaya kuma gurbinsa a asibitin Kurya ko makarantar Moriki zai zauna ba kowa. Ran rantsarwa ta baɗi, in shugaban jami'a ya faɗi yawan waɗanda aka ɗauka, ya dace wakilan jama'a su roƙe shi ya faɗi na bara nawa suka haye. Allah ya sa a gyara, amin.